Ciyawar Kacala: Darasi Ga Kaduna Ta Kudu

Masu hikima sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ciyawar kacala ta yi wa mutanen Haɗeja da Nguru ya isa gargaɗi ga mazauna Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa, waɗanda ke zaune a gefen Kogin Kaduna.

Asalin matsalar a fili yake. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a 1992. Kafin wannan, ƙoramun fadamar Haɗeja sukan ƙafe da rani, ciyawa ta mutu. Da ruwa ya koma gudu rani da damina, laka kuma ta taru, sai kacala ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta ci gonaki a wani wuri, wani wuri kuwa ƙishirwa ta kashe amfani. Masunta suka rasa inda za su jefa taru, tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka suna cinye gero da shinkafa, sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya suka yawaita. Haka kuma wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, ta shigo ta Badagiri a 1984, kafin a farga ta kai Kogin Kwara.

Ba za a ce Gwamnati ta naɗe hannu ba. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, an buɗe Asusun Kyautata Muhalli na Tarayya a 1981, an kuma sha kai injinan yankan ciyawa. Amma kacala tana tsirowa ne daga saiwar da ke cikin laka. Kwangilar shekara ɗaya ba ta kashe ta. Idan kuɗi suka yanke, sai ta dawo, aikin baya ya zama asara.

Magudanun Kakuri da Makera suna zuba dattin gidaje da na masana'antu cikin Kogin Kaduna, irin wannan datti kuwa taki ne ga ciyawar ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2003 ya san abin da kogin nan ke iya yi, balle a ce hanyoyinsa sun cushe.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta ware kuɗin sharar magudanu da bakin kogi cikin kasafin kowace shekara, a kuma sake su da rani, lokacin da aikin ke yiwuwa. A ɗora alhakin a kan hukuma guda, wadda za ta bayyana wa Majalisa abin da ta karɓa da abin da ta yi da shi. A ɗauki masunta da 'yan lambu aikin, domin su suka san kogin. Ɗaliban jami'o'i kuma su duba yadda ake yin gawayi da kacala a Senegal da Muritaniya.

Ma'aikacin da ya bar takardar wannan aiki ta kwana a kan tebur ya tuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a gane.