Kafin 'yan gwangwan su sare Fijon Kwoi

A Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, ba wuya a tarar da tsohuwar Peugeot 504 ɗore a kan duwatsu a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Wata ta tsohon ma'aikaci ce, wata kuwa akori-kura ce da ta sha jigilar citta. Ƙarshensu ɗaya: 'yan gwangwan su saye su a farashin ƙarfe.

Wannan asara ce. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, 504 ta zama motar gwamnati, sai a 2006 aka daina ƙera ta. Amurkawa na alfahari da farfaɗo da tsohuwar Ford Mustang a gidajensu, alhali ma'aikacin da ke Abuja ya bar ta mahaifinsa ga tsatsar damina.

Gyaranta bai gagara ba. Injinta ba ruwansa da kwamfuta, kuma har yanzu akwai kanikawa a Kafanchan da suka ƙware a kanta, sai dai tsufa ya cim musu. A fara da birki, wayoyi da walda a ƙasan jiki. Fenti ya jira.