Zagi ba hujja ba ne

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. A fadojin samarinmu, daga Maraɗi har Damagaram, ana shan shayi ana wata tambaya da ba mu saba ji ba: ina shaidar cewa akwai Allah? Yaro ya ga bidiyo a waya, ya kawo tambayar gida, sai mu ce masa kafiri, mu rufe masa baki. To, ina za shi? Wajen mai bidiyon zai koma, tunda shi bai zage shi ba.

A Kano, kotu ta yanke wa Mubarak Bala shekara 24 a 2022. Tambayoyin sun ƙare? Ina! Suna nan cikin wayoyin 'ya'yanmu.

Magabata ba haka suka yi ba. Imam Gazali da kansa ya rubuta yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu. Ana ba da labarin Imam Abu Hanifa ya tambayi masu musun Allah ko jirgi zai loda kansa, ya ƙetare kogi ba matuƙi. Suka ce ba ya yiwuwa. Ya ce to duniyar nan fa? Littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, da ake karantawa a zaurukanmu, da hujjar hankali yake tabbatar da samuwar Allah.

Ashe amsa muna da ita, karatun ne muka bari. In yaro ya tambaya, mu zaunar da shi. Wanda bai sani ba ya kai shi wajen wanda ya sani. Allah ya shirye mu gaba ɗaya.