Aikin kula da tsofaffi a Ingila: bizar da ke hannun kamfani

A 'yan shekarun nan ikilisiyoyi da dama a Jos da Kaduna sun yi addu'ar sallama ga masu tafiya Ingila aikin kula da tsofaffi. Ƙofar ta buɗe ne a Fabrairun 2022, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta saka wannan aiki cikin bizar ma'aikatan lafiya saboda ƙarancin ma'aikata. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana sabbin masu zuwa tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. A Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko sabbi daga ƙasashen waje.

Abin da mutanenmu ba su cika ganewa ba shi ne, bizar tana ɗaure da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Idan gwamnati ta ƙwace lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka sami wani kamfanin, in ba haka ba ka tattara kayanka. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an soke lasisin kamfanoni fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000 daga ƙasashe dabam-dabam. Akwai waɗanda suka biya dillalai miliyoyin naira, wasu da kuɗin gonar gado, suka isa suka tarar awoyin aikin ba su kai na biyan haya ba. Wanda ya san ƙorafinsa zai iya sa a maido shi gida, haɗiye wulaƙanci yake yi ya yi shiru.

A ganina, aure ne ya fi jin jiki. Ana shirya tafiyar da zaton bayan shekara ɗaya iyali za su biyo, alhali dokar 2024 ta toshe wannan hanya. Izinin zama na dindindin sai bayan shekara 5 ake samunsa a lokacin da gwamnati ta kawo shawarar mayar da shi 10 a Mayun 2025. Uwa tana Manchesta tana aikin dare, uba yana Kafanchan da yara uku. Fam ɗin da take turowa yana biyan kuɗin makaranta, ba na musu, amma yaron da aka bari yana aji ɗaya a firamare zai shiga sakandare ta waya yake sanin uwarsa.

Dattawan ikilisiya su zauna da irin waɗannan iyalai a tsayar da magana: shekara nawa za a yi, wa ke riƙe da yara, yaushe za a dawo. Duk wanda dillali ya ce masa yau akwai gurbin wannan aiki daga Najeriya, kada ya ba shi ko kobo.