Ciwon gyambon ciki: a koma awo bayan an gama shan magani

A ƙofar gidajen likita na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba a rasa masu kukan ciwon ciki, wanda mutanen birni ke kira ciwon estoma: zafi a ƙahon zuci, ƙwannafi, kumburi da yawan gyatsa. Da yawa daga cikinsu an auna su, an sami ƙwayar cuta a tumbinsu, an rubuta musu magani. Daga nan sai hanya ta rabu biyu. Wani, da ya ji sauƙi a kwana na biyar, sai ya ajiye sauran maganin a aljihu ya ce ya warke. Wani kuma ya shanye nasa duka, amma bayan sati biyu ciki bai daina zafi ba, sai ya ce lokotoro bai gane ciwon ba, ya nufi masu tallar magani a kasuwa. Dukansu biyu da zafin ciki suke yin hukunci, alhali zafi ba ya nuna ko ƙwayar ta mutu ko tana nan. Awo na biyu ne kaɗai ke nuna haka, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Sunan wannan ƙwaya Helicobacter pylori. A shekarar 1982 likitoci biyu na birnin Perth a ƙasar Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar renon ta. A lokacin, masana sun ɗauka babu abin da ke iya rayuwa cikin tsamin ruwan tumbi, ana ɗora laifin gyambon ciki ga damuwa da yaji. Sai da Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, ya kamu da ciwo, sannan aka fara sauraron su, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce ta shige cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi, tana fitar da wani sinadari mai kashe tsamin da ke kewaye da ita. Yawanci tun mutum yana yaro take shiga jikinsa, ta hanyar miyau, ko ruwa da abinci marasa tsabta. Wani babban bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na mutanen Afirka suna ɗauke da ita. Mafi yawansu ba za su taɓa jin kome ba. Amma ita ce kan gaba wajen haddasa gyambon ciki, kuma tun 1994 reshen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta cikin abubuwan da ke kawo sankarar tumbi.

Maganinta yana da wahalar sha: iri uku ko huɗu a haɗe, wato masu kashe ƙwayar cuta guda biyu da mai rage tsamin ciki irin su omeprazole, wani lokaci har da bismuth, safe da yamma, kwana 10 zuwa 14. Ko wanda bai tsallake ko sau ɗaya ba, ba shi da tabbacin ƙwayar ta mutu, domin ta koyi jure wa wasu magunguna. Metronidazole, wanda kowa ya sani da sunan Flagyl, an daɗe ana shan sa barkatai a kan kowane zawo da kowace murɗar ciki, har ƙarfinsa a kan wannan ƙwaya ya ragu ƙwarai a ƙasashen Afirka. Haka ma clarithromycine yake rasa kaifinsa a wurare da dama na duniya. Mai tiren magani da ke sayar da ƙwaya huɗu-huɗu a tashar mota yana da hannu a cikin wannan, haka ma mai saye.

To, me ya sa ciki ke ci gaba da zafi bayan an gama shan magani? Sau da yawa ƙwayar ta mutu, raunin da ta bari ne bai gama warkewa ba. Bangon tumbin da ya yi shekaru yana kumbure ba ya komawa daidai cikin sati guda, gyambo kuwa kan ɗauki sati 4 zuwa 8. Maganin kansa yana kawo ɗacin baki, tashin zuciya da zawo, kuma idan aka daina shan omeprazole tsamin ciki kan ƙaru na ɗan lokaci. Akwai kuma masu tsokano ciwon da hannunsu ba su sani ba: manomi ko ɗan dako da ke shan aspirine, ibuprofène ko diclofénac kullum saboda ciwon jiki yana ƙwaƙule tumbinsa ne, ko da ƙwaya ko babu. Taba tana hana rauni warkewa. Kanwa tana kwantar da ƙwannafi na sa'a guda, amma ba ta kashe kome. Wasu kuma dama can ciwon nasu daga wani wuri yake, kamar matsarmama ko tsutsar ciki.

Awo na biyu yana da ƙa'ida, kuma rashin sanin ta yana sa a yi asarar kuɗi. Sai an bari aƙalla sati 4 sun wuce bayan ranar ƙarshe ta shan masu kashe ƙwayar cuta da bismuth, kuma sai an dakatar da omeprazole da ire-irensa sati 2 kafin ranar awon, da iznin lokotoro. Dalili shi ne waɗannan magunguna suna danne ƙwayar, yawanta ya ragu har awo ya kasa ganin ta, sai a sallami mutum da takardar cewa ya warke, bayan ƴan watanni ta sake yaɗuwa. Awon da ya dace shi ne na bayan gida ko na numfashi, ko kuma a zura bututu mai fitila cikin tumbi a ɗauko ɗan nama. Awon jini ba ya da amfani a nan, domin alamar da ƙwayar ke bari a jini kan daɗe watanni, har shekaru, bayan ta mutu. Wanda aka sake rubuta wa magani bisa awon jini kawai yana iya biyan kuɗi mai yawa don yaƙar abin da ba ya nan.

Idan awo ya nuna ƙwayar tana nan, ba a maimaita haɗin farko, wani haɗin dabam ake ba da shi. Saboda haka kada mara lafiya ya yar da tsohuwar takardar maganinsa, ya zo da ita.

Akwai waɗanda ba za su jira sati 4 ba: mai aman jini, mai bayan gida baƙi mai wari kamar kwalta, mai ramewa ba dalili, mai wahalar haɗiye abinci, da wanda amai ya ƙi tsaya masa. Waɗannan asibiti za a kai su a ranar.

Sauran aikin yana wuyan hukumomin kiwon lafiya. Mutumin karkara da ya sayar da tiyoyin gero ya biya kuɗin mota da na magani ba zai sake zuwa Yamai don awo ba idan ba a fahimtar da shi amfaninsa ba, kuma ba daidai ba ne a ce sai ya yi wannan doguwar tafiya. Awon bayan gida ba ya bukatar manyan na'urori, don haka ya kamata a same shi a asibitocin jihohi da na gundumomi, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Ya kamata kuma lokotoro ko majo ya rubuta ranar dawowa a jikin takardar magani, tare da ranar da za a daina shan omeprazole, ya karanta wa mara lafiya da Hausa kafin ya fita daga ɗakin.