A Kori Koci Ko A Yi Haƙuri?

Zuwa ga Edita. Yau ina so in yi amfani da ɗan filin da ka saba ba ni a kan wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu son wasan tamaula. Watau, in kulob ya shiga shan kashi a tsakiyar kakar wasa, shin ya kamata a kori mai horar da 'yan wasan, wanda a ke kira koci, ko kuwa a yi haƙuri da shi har kaka ta ƙare?

Don kada maganar ta zama ta fatar baki, bari mu ɗauki kulob guda na ƙasar Ingila, watau Leicester, wanda bakinmu ke kira Lesta. Mutanenmu da yawa sun san shi, domin Ahmed Musa, wanda ya taɓa buga wa Kano Pillars, ya koma can a 2016. A babbar gasar Ingila kulob 20 ne, kowane yana yin wasa 38, ukun da suka zo ƙarshe kuwa a kan sauke su zuwa rukuni na biyu, kamar yadda a kan mai da ɗalibi aji na baya, ga kunya ga hasarar kuɗi mai yawa. Sau uku wannan hatsari ya tasam ma Lesta cikin shekara takwas.

Na farko, a farkon 2015 sun yi wata da watanni su ne na ƙarshe, jama'a na ta cewa a kori kocinsu, Nigel Pearson. Masu kulob suka bar shi ya ƙare kakar. Cikin wasa 9 na ƙarshe suka ci 7, suka gama a matsayi na 14, suka tsira.

Na biyu, Claudio Ranieri, mutumin Italiya, wanda ya gaje shi, ya ci musu kofin gasar a 2016, abin da ba su taɓa yi ba tun da aka kafa kulob ɗin. Bayan wata tara, ran 23 ga Fabrairu 2017, da aka cinye su sau 5 a jere, suka sallame shi, suka ɗora mataimakinsa, Craig Shakespeare. Nan da nan suka ci Liverpool 3 da 1, suka ci wasa 5 a jere, suka gama a na 12. Amma fa a watan Oktoba na shekarar nan shi ma aka kore shi.

Na uku, Brendan Rodgers ya ci musu kofin FA a 2021. A watan Afrilu 2023 suka rabu da shi, suka kawo Dean Smith saura wasa 8. Wannan karon ba su tsira ba, suka gama a na 18, aka sauke su.

To, jama'a, ku duba. An yi haƙuri an tsira, an yi kora an tsira, an kuma yi kora an faɗi. Ashe ke nan korar ba ita ce maganin ba a karan kanta. Abin da ya kan ruɗe mu shi ne, ba a korar koci sai al'amari ya kai matuƙar lalacewa, kuma kulob mai 'yan wasa nagari ba ya dawwama a wannan hali. Kamar mai zazzaɓi ne da ciwonsa ya kusa sauka, mai maganin da ya zo ƙarshe shi a kan yaba.

Sa'an nan kuma ruwa ba ya tsami banza. Kafin Ranieri ya shiga wahala, an sayar wa Chelsea da N'Golo Kante a 2016, wanda shi ne ƙashin bayan tsakiyar fili, Chelsea kuwa ta ci kofin a 2017. Kafin Rodgers ya shiga tasa, mai tsaron gida Kasper Schmeichel ya tafi a 2022 bayan shekara 11, aka kuma sayar da mai tsaron baya Wesley Fofana. Masu kulob su ke sa hannu a ciniki, amma koci a ke kora, don ya fi sauƙi a sallami mutum guda da a sallami goma sha ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce kada a taɓa korar koci ba. Duk malamin makaranta ya san akwai lokacin da aji ya kan daina jin maganar malami, kome iliminsa, sai a ga sauyi ya fi alheri ga kowa. Amma kafin masu kulob su yanke hukunci, ya kamata su tambayi kansu abu uku. Shin 'yan wasa sun daina jin maganarsa ne, ko kuwa kayan aiki muka hana shi? Shin muna da wanda ya fi shi a hannu, ko sai mun kore shi za mu shiga nema? Shin sauran wasannin sun isa sabon ya san mutanensa? In amsar ɗaya daga cikinsu ba ta gamsar ba, haƙuri ya fi, a bari kaka ta ƙare a yi hisabi a natse.

Ina roƙon malamai da akawuna masu wani ra'ayi dabam su rubuto, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu alheri, amin. Haza wasalam.

Naku,
Mai Kallon Tamaula