Bee Gees: Abin Da Ya Biyo Bayan Zazzaɓin Daren Asabar

Duk wanda ya yi samartaka a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma taɓa leƙa bal ko da sau ɗaya, in aka ambaci Bee Gees abu guda ke faɗo masa a rai: siririyar muryar nan mai tsini, da kiɗan disko, da John Travolta cikin fararen kaya a filim ɗin da ƙasashe masu aiki da Faransanci suka sani da sunan La Fièvre du samedi soir. Ga mafi yawan jama'a nan sanin ya soma, nan kuma ya tsaya. A tambayi mutum abin da ƴan'uwan nan uku suka yi bayan 1979, sai ya ce ai disko ya mutu, su ma sun bi shi. To, ba su bi shi ba. Daga 1987 zuwa 2001 sun fitar da faifai shida, kuma akwai masoyansu na gani-kashe-ni da ke riƙe da cewa cikin shidan nan ne ake jin ainihin Bee Gees. Maganar tasu ta fi ƙarfin a yi mata dariya.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ƴaƴan Hugh da Barbara Gibb. An haifi Barry a 1946, tagwaye Robin da Maurice kuma a 1949, duka a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan. Iyayensu suka ƙaura da su Ostiraliya a 1958, can suka koyi sana'a tun suna yara, suka komo Ingila a 1967 da waƙoƙi masu sanyi, na bege da kewa. Disko ya zo daga baya, kuma bai wuce shekara huɗu ko biyar ba cikin aikin da ya haura shekara 40. Ita kanta siririyar muryar Barry sai a 1975 ta bayyana, sa'ad da mai shirya musu faifai, Arif Mardin, mutumin Turkiyya, ya nemi wani cikinsu ya ɗaga murya a ƙarshen wata waƙa.

Kasuwar da ta biyo baya ba a cika ganin irinta ba. Faifan filim ɗin ya yi mako 24 yana kan gaba a Amurka, kuma tsakanin 1977 da 1979 waƙoƙinsu shida a jere suka hau matsayi na ɗaya, abin da Beatles kaɗai suka yi kafin su. Amma duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Ranar 12 ga Yuli 1979 wani mai gabatar da shiri a radiyo, Steve Dahl, ya tara dubban matasa a filin wasa na Comiskey a Shikago, aka tarwatsa akwati cike da faya-fayen disko da nakiya, taron ya rikiɗe ya zama hargitsi. Kiɗan disko dai daga wuraren rawar baƙar fatar Amurka da ƴan Latin ya fito, don haka ba a rasa masu ganin cewa ƙiyayyar ba ta kiɗa kaɗai ba ce. Ko ma mene ne, Bee Gees ne suka fi kowa shan dukan. Gidajen radiyo suka shiga yi wa masu saurare alkawarin Asabar da Lahadi ba tare da Bee Gees ba, sai ka ce annoba. A 1981 suka fitar da Living Eyes, wanda babu disko a cikinsa, ya tsaya a matsayi na 41.

Ɗan kasuwa ya san abin da ake yi in sunan kanti ya ɓaci alhali hajar tana da kyau: sai a kai ta rumfar maƙwabci. Haka suka yi. Woman in Love ta Barbra Streisand a 1980, Heartbreaker ta Dionne Warwick a 1982, Islands in the Stream ta Kenny Rogers da Dolly Parton a 1983, Chain Reaction ta Diana Ross a 1985, duka daga alƙalamin gidan Gibb suka fito. Radiyon da ya rantse ba zai sa su ba, shi ne ya yini yana sa waƙoƙinsu da bakin wasu. Ba cinya ba, ƙafar baya. Ashe sunan aka ƙi, ba a ƙi waƙar ba.

Sai a 1987 suka komo da sunansu, da faifan E.S.P., tare da Arif Mardin kuma. Waƙar You Win Again ta ɗauku a kan wani bugun ganga mai nauyi, kamar ana daka a babban turmi, wanda Maurice ya haɗa da na'ura. Ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da Jamus, suka zama ƙungiya ta farko da ta taɓa yin na ɗaya a Ingila cikin shekarun 1960 da na 1970 da na 1980. A Amurka kuwa a na 75 ta tsaya. Tun daga nan Turai ta zame musu gida, kuma masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Faifan da ya fi cancanta a zauna a saurara da natsuwa shi ne One, na 1989. Suna da ƙane, Andy, wanda aka haifa a 1958, ya yi tashe shi kaɗai yana ɗan shekara 19, har waƙoƙinsa uku na farko suka yi na ɗaya a Amurka. Hodar ibilis ta ci kuɗinsa da lafiyarsa. Ya shiga neman gyara rayuwarsa, har an yi maganar yayyensa za su shigar da shi ƙungiyar ya zama na huɗu, sai ciwon zuciya ya ɗauke shi a Oxford ranar 10 ga Maris 1988, kwana 5 bayan ya cika shekara 30. A lokacin yayyen suna tsakiyar aikin sabon faifai. Suka ajiye, suka komo bayan watanni, suka sadaukar da shi gare shi. Mai saurare zai ji bambancin tun daga Ordinary Lives, wadda ta buɗe faifan: muryoyin sun sauko ƙasa, Barry ya rage tsinin nan nasa, ana jin maza uku da suka kai shekara 40 ko suka kusa, ba samarin fitilun rawa ba. Wish You Were Here, wadda suka rubuta domin Andy, babu kururuwa a cikinta, babu neman a tausaya. Magana ce ta wan da ya raini ƙanensa, ya buɗe masa ƙofar sana'a, sannan ya ga sana'ar ta cinye shi. Duk gidan da aka taɓa rasa auta za a gane ta ko ba a jin Ingilishi. Waƙar da ta ba faifan suna ta kai matsayi na 7 a Amurka, karo na farko cikin shekara 10 da suka shiga goman farko a can.

High Civilization na 1991 ba sai an daɗe a kansa ba. Gangar na'ura ta yi yawa, ta danne muryoyin, kuma in aka cire Secret Love sauran sun fi kama da masu bin yayin yara. Masoya na kare shi, amma kariyar ƙauna ce.

Size Isn't Everything na 1993 ya zo bayan shekaru masu nauyi. Mahaifinsu ya rasu a 1992, an yi wa Barry aiki a baya, Maurice kuma ya rabu da giyar da ta daɗe tana wahal da shi da iyalinsa. A Amurka faifan ko ɗarin farko bai shiga ba, kuma hasarar ta Amurkawa ce, domin a cikinsa For Whom the Bell Tolls take. Barry ke ɗauko ta a hankali, kusan da raɗa, sannan Robin ya karɓa da muryarsa mai karkarwa ya kai ta sama. Wanga shi ne abin da zamanin disko ya ɓoye. A shekarun tashen nan siririyar muryar Barry ta mamaye kusan kome, Robin ya koma mai amshi, alhali shi ne ya ja Massachusetts da I Started a Joke tun farkon fari. Faya-fayen baya sun mayar masa da wurinsa. Akwai kuma Blue Island, gita da muryoyi uku, wadda suka sadaukar ga yaran tsohuwar Yugosilabiya lokacin da yaƙi ke cin ƙasar.

Shekarar 1997 ce aka wanke su. Aka ba su lambar girmamawa ta Brit a Landan, aka shigar da su zauren mashahuran mawaƙa na Rock and Roll a Amurka, faifan Still Waters kuma ya kai na 2 a Ingila, na 11 a Amurka. Alone, da sautin nan nata mai kama da algaitar Sikotlan, tana cikin mafi kyawun abin da suka yi a shekarun ƙarshe. Sauran faifan an sa masa hannaye da yawa, David Foster da Hugh Padgham da Russ Titelman da wasu, aka goge shi har ya yi santsi fiye da kima. A watan Nuwamba na shekarar suka yi babban wasa a Las Vegas, Céline Dion ta hau dandali suka rera Immortality da suka rubuta mata, sannan aka haska hoton Andy a allo, yayyen suka yi wa muryarsa amshi. Wankin ma bai gama fitar da datti ba: a cikin shekarar dai wani mai hira a talabijin ta BBC, Clive Anderson, ya yi ta yi musu ba'a har Barry ya tashi ya fita, ƴan'uwan suka bi bayansa.

Mai karatun da ya taɓa haɗa jari da ɗan'uwansa ya san ciki ɗaya ba ya hana gardama. Barry da Robin sun daɗe suna ja-in-ja kan wane ne gaba. A 1969 Robin ya fice daga ƙungiyar saboda an fifita waƙar Barry bisa tasa, sai a 1970 ya komo. Mai sasanta su kullum Maurice ne, shi ne kuma mai gitar bas da fiyano, mai muryar tsakiya wadda ba a lura da ita sai an cire ta. A faifansu na 2001, This Is Where I Came In, ya rera Man in the Middle, sunan da ya dace da matsayinsa a gidan. Sunan faifan kuwa tsohuwar maganar ƴan kallon sinima ce, waɗanda in filim ya zagayo daidai inda suka tarar da shi sai su tashi su tafi. Waƙar farko ta koma ga gita da salon shekarun 1960, kuma tana da daɗi ƙwarai. Aibin faifan shi ne kowane ɗaya ya shirya wasu waƙoƙin shi kaɗai, har a wurare da dama mutum na jin mawaƙa uku daban-daban ne, ba ƙungiya ba, alhali haɗuwar muryoyin nan ita ce jarinsu.

Shi ne faifai na 22, kuma daga shi ba su sake yin wani ba. Maurice ya rasu a Miyami ranar 12 ga Janairu 2003 yana da shekara 53, bayan murɗewar hanji. Da mai sasantawa ya kau, Barry da Robin suka yi shekaru ba sa jituwa sosai, sai jefi-jefi suke hawa dandali tare. Robin ya bi tagwainsa ranar 20 ga Mayu 2012, bayan jinyar ciwon daji. Mahaifiyarsu Barbara ta ga rasuwar ƴaƴanta maza uku cikin huɗu kafin tata ta zo a 2016, tana da shekara 95.