Kwamfutar da ba ta san ta ƙetare iyaka ba

Yawancin saƙonnin da kuke turo mini a kan wuta da sabis suke: an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batir ya mutu, intanet ya ƙi tafiya. Ban ga laifinku ba. Garwa da Marwa da Ngaundere sun daɗe suna jingine da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwan Binuwai ya ja baya da rani kowa sai ya ji a jikinsa. Mu a nan Tignère ma ba mu tsira ba. Sai dai waɗannan matsaloli suna da kirki guda ɗaya, ba sa ɓuya. In wuta ta tafi ka san ta tafi. Wadda ta fi cin kuɗin 'yan kasuwa shiru take zuwa, allo na haske, komai na aiki, lissafi kuwa ya karkace.

Aikina rubuta ƙananan manhajoji ne ga masu shaguna: littafin bashi, shigar kaya da fitarsu, lissafin adashin mata. Mafi yawan waɗanda nake yi wa aiki ƙafarsu ɗaya a Kamaru take, ɗaya a Najeriya. Su sari kaya a Yola ko Kano, su shigo da shi ta Koncha ko ta wajen Garwa, su sayar da sefa, su biya da naira. Mutum ya san ya ƙetare iyaka, har harshensa yakan juya da kansa. Kwamfuta ba ta sani ba. Yadda aka saita ta ranar farko, haka take karanta duniya har ta mutu.

Ga misali. Yaron da ya yi makarantar Faransanci, in zai rubuta dubu goma sha biyu da ɗari biyar, 12 500 zai rubuta, ko 12.500. Ɗan uwansa na Yola 12,500 zai rubuta. A tsarin Faransanci waƙafi shi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsure, a tsarin Ingilishi kuwa ɗigo ne ke wannan aiki. Saboda haka idan ka kwafo 12,500 daga WhatsApp ka liƙa a kwamfutar da aka saita da Faransanci, sha biyu da rabi za ta ajiye maka. Haka in ka buga 12.500 a wadda aka saita da Ingilishi. In kuma tazara ka bari a tsakiya, tana iya ɗaukar abin a matsayin rubutu kawai, ta tsallake shi wajen tarawa ba tare da ta ce maka uffan ba. Ko canjin sefa da yuro ku duba: takardun nan Kamaru suna rubuta 655,957, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. Mutumin Kano in ya gani sai ya zaci yuro ɗaya ya haura sefa dubu ɗari shida.

Kwanakin baya wani dattijo mai shagon kayan masarufi ya aiko a kira ni. Ba gyara yake so ba, shaida yake nema. Lissafin wata uku ya nuna akwai kusan sefa dubu ɗari huɗu da ya kamata a ce suna aljihun tebur, amma babu su. Mutum uku ke taɓa harkar: ɗansa da ya yi karatu a Garwa, shi ke riƙe da kwamfuta, ɗan ƙanensa da ke rako kaya daga Najeriya, sai yaron shago, maraya ne daga dangin uwargida, shi ke kwana da makulli. Kun san wanda ido zai fara faɗawa a kai. Har an fara maganar mayar da shi ƙauye.

Na buɗe shafin kuɗin da aka kashe. Kuɗin mota 48. 'Yan dako 7,5. Biyan wani dillali 125. Na ce a kawo wayar mai rako kaya. Ga saƙonninsa nan tsaf, 48,000 da 7,500 da 125,000, ya rubuta da sefa amma da hannun makarantar Najeriya. Ɗan gidan kuma, don ya rage wa kansa wahala, sai ya riƙa kwafowa yana liƙawa. Layi goma sha ɗaya ne a cikin ɗaruruwa, kuma ba wanda ke karanta layuka, jimillar ƙasa kowa ke kallo. Kuɗin an kashe su da gaske, littafi ne bai cire su ba.

Na ce, "Alhaji, yaron nan ko dala bai taɓa maka ba."

Ya ce, "To Malam, injin ne ya ci?"

Na ce, "Waƙafi ne ya ci, Baba."

Ya yi shiru ya daɗe. Daga baya ya ce a kira masa yaron, ni kuma na tattara jakata, domin abin da ya rage na cikin gida ne.

Gwajin ba wuya. Buɗe Excel ko makamancinsa, buga 12,500 a gida ɗaya, ka danna shiga. In ya tsaya yadda ka buga, kwamfutarka da Ingilishi take lissafi. In ya koma 12,5 to da Faransanci take yi. Ba wadda ta fi wata, abin dai kowa a shagon ya san wacce ce a gabansa. Abin da ya fi sauƙi ma, a daina sa wa kuɗi kowace alama: 12500, shi ke nan, ba waƙafi ba ɗigo ba tazara, har a saƙon waya. A manhajojin da nake rubutawa akwatin sefa ba ya karɓar komai sai lambobi, tunda sefa ba ta da kwabo a kasuwa. Kuma kafin ya ajiye sai ya maimaita maka adadin da kalmomi, "dubu goma sha biyu da ɗari biyar", ka amsa tukuna. Samari suna cewa ɓata lokaci ne. Iyayensu mata masu adashi kuwa wannan ne abin da suka fi so.

Kalmomin ma sai an yi hattara da su. Baƙonmu na Maraɗi in ya ce "ɗari", sau da yawa dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Jikarsa sefa dubu ce, abin da Fulanin nan ke kira booro, alhali jaka a bakin dattawan Kano naira 200 ce. Shi ya sa a allo nake rubuta "sefa" ko "naira" ɓaro-ɓaro a gaban kowane adadi, na bar jaka da dala a bakin masu ciniki.

Bayan lamba sai suna. Mutum ɗaya ne, katinsa na Kamaru ya ce Oumarou, mai shagon Yola ya rubuta Umaru, yaron shago ya rubuta Umar. A wurin kwamfuta mutum uku ne, kowanne da ɗan bashinsa da bai kai a ɗaga murya ba, alhali in an haɗa ya isa a hana shi sabon kaya. Haka Djibrilla da Jibrila, Ousmanou da Usman, Aboubakar da Bouba da Buba. Sunan garinmu ma haka yake fama: wanda ya nemi Tignere ba lallai manhaja ta nuna masa Tignère ba, sai in wanda ya rubuta ta ya yi tunanin haka tun farko. Ni da lambar waya nake rarrabe mutane, suna ya biyo baya. Ita ma lambar da nata rigimar. Ta Najeriya da sifili take farawa, tebur ɗin lissafi kuwa yakan share sifilin gaba don a ganinsa ba ya ƙara komai. In ka sa 237 ko 234 a gaba ta yi tsawo, sai ya dunƙule ta ta koma wani abu mai E a tsakiya. Maganin shi ne a gaya masa layin nan rubutu ne, ba kuɗi ba, kafin a fara bugawa. Masu tsofaffin littattafai kuma su tuna, tun Nuwamba 2014 lambobin Kamaru suka koma tara, aka ƙara 6 a gaban na hannu. Har yau ina cin karo da masu takwas idan ana kwashe tsohon littafi zuwa kwamfuta.

Akwai wani abin dariya da ba dariya ba. Wata 'yar kasuwa mai sayar da yadi da atamfa ta ce kuɗin saƙonnin tunatar da masu bashi sun ninka mata uku, alhali yawan mutanen bai ƙaru ba. Dalili? Ta fara rubuta Hausa daidai. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160. Amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ta shiga, wayar sai ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, saƙo mai harafi 150 ya tsage gida uku, kowane da kuɗinsa. Fulfulde ma haka, da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Abin ya yi mini ciwo, don ni mai son a rubuta harshenmu da ƙugiyoyinsa ne. Muka sasanta a kan a bar su a allo da rasit da WhatsApp, inda ba sa ƙara ko sisi, a cire su a tes kaɗai. Sai na ce, "Hajiya, amma ki riƙa duba saƙon kafin ya tafi, don baƙin yadi da bakin yadi ba abu ɗaya ba ne."

Duk waɗannan ana gyara su da yamma ɗaya. Akwai wanda ba ni da ikon gyarawa, kuma shi ne ya fi jawo mini faɗa da masu ba ni aiki. A littafin bashin da nake rubutawa, ba ka isa ka ajiye bashi ba sai ka cike akwati uku: da wane kuɗi aka ci shi, wace rana, kuma nawa canji yake a ranar. Sau da yawa a nan ake tsayawa. "Haba Malam, tsakanina da Yaya ne fa, sai an rubuta wannan?"

Sai an rubuta. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Naira kuwa, kafin Yuni 2023 dala ɗaya ta Amurka tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,400. Ka ɗauka wa ya ba ƙanensa kaya bashi daga Yola a watan Mayu 2023, ƙanen ya sayar a Tignère da sefa, ya zo biya bayan wata tara. In ya biya adadin nairar da aka faɗa, ya cika alƙawari, kuma sefa kaɗan zai canza ya samu, amma kuɗin ba za su sake sayo wa wan irin kayan da ya bayar ba. In wan ya ce a biya shi da ƙimar sefa, ƙanen zai ce ba haka aka yi ba. Kowannensu yana da gaskiyar da zai riƙe, matansu kuma suna ji, 'ya'yansu suna ji. Na ga gidajen da zumunci ya yi sanyi a kan wannan, ba don wani ya yi niyyar cuta ba, sai don ranar da aka ɗora kaya a mota ba wanda ya furta kalmar "naira" ko "sefa".

Hukuncin wanda ya kamata ya ɗauki asara ba na mai rubuta manhaja ba ne, na malamai ne, kuma ina tura mutane wurinsu. Amma malamin ma tambayar farko da zai yi ita ce, da me kuka ƙulla? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Don haka duk wanda ya ce in cire masa akwatin nan nakan ba shi haƙuri. Biyu sun fasa aikin sun tafi wurin wani, ban bi su ba.

Akwatin rana shi ma yana da maƙiyinsa, wato kwamfutar gwanjo. Da yawa daga cikinsu da saitin Amurka suke zuwa, inda wata ke gaba da rana. Mu da Najeriya duk rana muke farawa da ita, to 03/04 da ka buga da nufin 3 ga Afrilu sai ta zama 4 ga Maris, wa'adin bashi ya matso da wata guda. Sannan a cikin mafi yawansu akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo da ke riƙe agogo idan an kashe ta. In ya mutu, duk sanda wuta ta tafi kwanan wata sai ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, cinikin yau ya shiga littafi da ranar da ba a ma buɗe shagon ba. Wanda zai sayi ta gwanjo, a Garwa ne ko a Farm Centre ta Kano, ya sa mai shagon ya cire mata wuta da babban batir na ɗan lokaci, ya sake kunnawa, ya ga ko agogon ya riƙe. Ya kuma sa a saita masa ƙasa da harshen lissafi a gabansa, ya buga 12,500 ya gani da idonsa kafin ya miƙa kuɗi. Madannai ma a duba: na Faransanci da A da Z suke farawa, na Ingilishi da Q da W, kuma a na Faransanci sai ka danne maɓallin manyan baƙaƙe kafin lambobin sama su fito. Yawancin masu kirana da dare cewa kwamfuta ta ƙi karɓar kalmar sirrinsu, madannan ne suka juya harshe.

Mai tambaya daga Galim da ta ce wayar maigidanta ta faɗa rijiya da lissafin shekara biyu a ciki, na ga saƙonki, Hajiya. Kada a jefar da layin, kuma kada a buɗe sabon asusu a sabuwar wayar tukuna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu a kan wannan za mu tsaya.